Tarihin Fashin Ruwa na Argungu

Argungu gari ne na Kabawa, yana bakin Gulbin Kabi, wajen mil 60 kudu maso yamma da Sakkwato. Ba shi da girma kamar Kano ko Katsina, amma sunansa ya kai ƙasashen da sunan waɗansu manyan birane bai kai ba. Abin da ya kai sunan nan nesa kuwa shi ne bikin su, watau kamun kifi na taron jama'a, wanda a kan yi can ƙarshen ɗari, kafin zafin bazara ya kankama. Wanda ya ga taron yau, da motoci da baƙi da manyan ƙasa, zai zaci wasa ne kurum aka ƙaga don nishaɗi. Amma bikin yana da tushe biyu, ɗaya a cikin sana'ar mutanen wurin, ɗaya kuma a cikin labarin yaƙi da sulhu.

Zaman Kabawa tun dā a kan ruwa ya dogara. Da damina gulbi ya kan cika ya malala cikin fadama, a shuka shinkafa, a tudu kuma a yi gero da dawa. Da kaka a girbe, a kai rumbu. In ɗari ya shigo ruwa ya kan fara janyewa, ya bar tafkuna da gurabu masu zurfi, kifi kuwa sai ya tattaru a cikinsu. To, a lokacin nan ne manomi ba shi da aikin gona, ga kuma kifi ya taru wuri guda ya yi ƙiba. Sabo da haka shekarar Bakabe ta rabu bisa ga halin gulbi, ko wane lokaci da aikinsa, ko wane aiki kuma da al'adar da a ke buɗe shi da ita.

Al'adun nan manya guda huɗu ne. Akwai gyaran gari, wanda a kan yi don neman tsari daga annoba da roƙon albarkar noma. Akwai shan kabewa, wanda ya ke zuwa da kaka, lokacin da amfanin gona ya nuna. Sa'an nan akwai gyaran ruwa da fashin ruwa, su ne na masunta. A wajen gyaran ruwa, Sarkin Ruwa da manyan masunta su kan shiga jirgi su je tsakiyar gulbi su yi abin da suka gāda, don a shiga ruwa lafiya a fita lafiya. Mutanen dā sun gaskata ruwa yana da masu shi, kada kuwa ba ya taɓa kowa in an shiga da izni. Da Musulunci ya yi ƙarfi a ƙasar, yawancin tsafe-tsafen nan suka ja baya, addu'a ta maye gurbinsu, amma sarautun ruwa ba su mutu ba.

Fashin ruwa shi ne buɗe su. Kafin ranar, akwai gurabun da aka hana kowa jefa koma ko taru a cikinsu, wanda ya karya doka kuwa a hukunta shi. In lokaci ya yi, Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masunta, su kan nemi yardar Sarkin Kabi, a sa rana, a yi shela a kasuwanni, mutanen ƙauyuka su hallara, a faɗa ruwa gaba ɗaya. Hikimar dokan nan a fili ta ke. Da an bar kowa ya yi ta kamu duk shekara, da kifi bai sami sararin hayayyafa da girma ba, da kuma masu ƙarfi da manyan taruna sun kwashe kafin talaka ya samu. Hanin ya sa kifi ya yawaita, buɗewa rana ɗaya kuma ta sa kowa ya sami rabonsa.

Wannan shi ne tushe na fari. Na biyu kuwa sai an koma ga tarihin sarautar Kabi.

Muhammadu Kanta shi ya kafa daular Kabi wajen shekarar 1516, bayan da ya ɓata da Askiya Muhammadu, sarkin Sanwai, wanda suka tafi yaƙin Azbin tare. Ya gina birninsa a Surame, har yau kuwa kufan ganuwarsa ta duwatsu na nan. A zamaninsa Kabi ta yi ƙarfin da ta kara da Sanwai a yamma, ta kara da Barno a gabas. Bayansa ƙarfin ya yi ta raguwa sannu sannu, aka bar Surame, sarauta ta koma Birnin Kabi.

Da aka ta da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1804, Kabi na cikin ƙasashen da yaƙi ya fara isa. A 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, ya ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da waɗanda suka bi shi. Waɗansu Kabawa suka yi mubaya'a, waɗansu suka ƙi. Masu ƙin nan su ne daga baya suka tattaru a Argungu. Mutanen garin su kan ce sunan ya fito ne daga maganar nan "a yi gungu", watau a taru wuri ɗaya. A 1831 rundunar Sakkwato da ta Gwandu suka auka wa Sarkin Kabi Karari, aka kashe shi, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, ya zauna can shekaru da yawa a hannun Sarkin Musulmi.

A 1849, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Yakubu Nabame ya koma ƙasar ubansa, ya ta da tutar Kabi a Argungu. Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka goya masa baya. Tun daga ran nan har zuwan Turawa, Argungu ta zama ƙaya a tsakanin Sakkwato da Gwandu, an kai mata hari ba iyaka, ba a ci ta ba. Sau ɗaya aka sami hutawa mai ɗan tsawo, ita ce a ke kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, daga 1867 zuwa 1875. Da ta warware aka koma gidan jiya. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya hau a 1883, ya yi suna ƙwarai wajen yaƙi, ya ƙone garuruwa masu yawa na ƙasar Gwandu da ta Sakkwato. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ɗauro yaƙi da kansa ya nufo Argungu, ya koma bai sami biyan bukata ba.

Wahalar wannan zamani a kan talakawa ta fi sauka, na ko wane gefe. Rani, lokacin da ya kamata a yi su da fatauci da bukukuwa, shi ne kuma lokacin hari, domin a sa'an nan ne fadama ta bushe, doki ya ke iya ratsawa. Manomi ba ya nisa da ganuwa, masunci ba ya sakin jiki a gulbi, wanda aka kama kuwa sai bauta. Gulbi ɗaya ne ya ratsa ƙasashen biyu, amma mutumin Sakkwato ba ya iya biyo shi zuwa Argungu, na Argungu kuma ba ya iya haura shi.

Da Turawan Ingila suka zo, Sarki Sama'ila ya karɓe su ba tare da faɗa ba, a watan Maris na 1903 kuma suka ci Sakkwato. Yaƙi ya ƙare, amma gaba ba ta ƙare a zukata ba, gama waɗanda aka kashe wa iyaye suna nan da ransu. Bayan wannan kuma, iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba Argungu da yawancin abokan yaƙinta na Zabarma da Dandi da Arewa, suka faɗa ƙasar da a ke kira Nijar yanzu. Aka yi shekara 30 ana zaman doya da manja, ba yaƙi, ba kuma zumunci.

A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Ba a taɓa ganin Sarkin Musulmi ya shigo garin da lumana ba sai ran nan. Kabawa suka yi shawarar abin da za su tarye shi da shi. Hawan dawaki da kayan yaƙi kowa na da su, ga shi kuma za su iya tuna wa mutane abin da a ke so a manta. Sai suka zaɓi abin da ya ke nasu na kansu, watau aikin ruwa. Aka tara masunta daga garuruwan Kabi, aka yi gagarumin su a gaban baƙo, ya gani, ya yi murna. Daga wannan ziyara a ke ƙidaya farkon bikin Argungu irin na yanzu. Al'adar da dā ta ke ta masunta da ƙauyukansu, sai ta zama alamar sulhu tsakanin gidan Kanta da gidan Shehu.

Tun daga nan bikin ya yi ta bunƙasa. Da fari En'e ta Argungu ke ɗaukar nauyinsa, daga baya gwamnati ta sa hannu. Tsohon gidan sarki, wanda aka tashi daga cikinsa a 1942, aka mai da shi gidan ajiye kayan tarihi a 1958, aka sa masa sunan Kanta, baƙin biki su kan shiga su ga makamai da tambura da kayan su na mutanen dā. A 1970 shugaban Nijeriya Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da shugaban Nijar Diori Hamani, wannan kuwa ya ƙara jawo masuntan ƙetaren iyaka, jikokin abokan Nabame. Da aka yanke Jihar Kabi daga ta Sakkwato a 1991, bikin ya zama abin da sabuwar jihar ta fi alfahari da shi. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun da suka zama gādon 'yan Adam duka.

Bikin ya kan ɗauki kwana huɗu. A kwanakin farko a kan yi nunin amfanin gona, da kokawa, da dambe, da kaɗe-kaɗe. A kan yi kuma wasannin ruwa da a ke kira kabanci: tseren jirage, da ninƙaya, da nutso, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu. Ran ƙarshe ita ce ta babban su, a gurbin da a ke kira Matan Fada. Masunta dubbai su kan yi sahu nesa da gaɓa, kowa da homarsa da babban goransa. Goran nan aiki biyu ya ke yi, a kwanta a kansa a yi iyo, a kuma zuba kifi a cikinsa. Da an buga bindiga sai su sheƙa a guje su faɗa ruwa, makaɗa na biye da su cikin jirage suna zuga su. Kafin a jima ruwa ya gauraye, kifi ya rasa mafaka. Abin da kowa ke nema shi ne giwan ruwa. In an yi kamar sa'a guda sai a tsai da su, a kawo manyan kifaye gaban sarki a auna, wanda nasa ya fi nauyi shi ya ci. A 2005 kifin da ya ci ya kai kilo 75, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi zuwa ma'auni.

Amma biki irin wannan ba ya yiwuwa sai da abu biyu, ruwa da lafiyar ƙasa, dukansu kuwa an ga ƙarancinsu. Farin da aka yi a shekarun 1970 da na 1980 ya rage ruwan gulabe. An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, an gama a 1978, aka kuma gina ta Goronyo a kan Gulbin Rima. Madatsun nan sun amfani masu noman rani na kusa da su, amma sun rage ambaliyar da ta saba cika fadamun Kabi, inda kifi ke ƙwai. Yashi kuma ya yi ta cike gurabu. A 2006 sai da aka hana shiga su sabo da ƙarancin ruwa. Bayan bikin 2009 kuwa aka daina yi ɗungum har shekara 10, galibi don rashin tsaro da ya addabi Arewa. Masu masauki, da masu sai da abinci, da masu saƙa homa, da makaɗa, duk suka ji a jikinsu. Sai a watan Maris na 2020 aka sake buɗe Matan Fada, zamanin Sarkin Kabi Sama'ila Muhammadu Mera, wanda ya hau gadon sarauta a 1996. A shekaran nan kifin da ya ci ya kai kilo 78.

Mai karatu zai lura abin da ya hana su a zamanin Karari da Nabame, watau tsoron hari, shi ne kuma ya hana shi bayan 2009, ko da ya ke maharan sun sake kama. Abin da ya sa kakannin Kabawa suka kafa dokar rufe ruwa kuma, watau gudun kada kifi ya ƙare, yana nan bai gushe ba, sai ma ƙaruwa da ya yi, gama mutane sun yawaita, ruwa ya ragu. Sabo da haka aikin Sarkin Ruwa da Homa bai tsufa ba, sai dai yanzu yana bukatar taimakon masu riƙe da madatsun ruwa, su saki ruwa a kan kari, da na hukuma, ta yashe gurabu ta kuma tsare hanyoyi. In an sami waɗannan, jikokin waɗanda suka yi shekaru suna harbin juna za su ci gaba da haɗuwa a bakin Matan Fada ko wace shekara, kamar yadda Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kabi Muhammadu Sama suka fara a 1934. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya ba da damina mai albarka, amin.