Kaɗi Da Kitso: Yadda Matan Da Suke Kula Da Kansu

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane, wai matan da ba su san hutu ba, daga surfe sai daka sai niƙa, saboda haka duk macen da ta ce ta gaji a yau ragguwa ce. Ni kuwa da na bi tarihin abin sai na ga rabin zancen aka faɗa mana. Gaskiya ne sun yi aiki, amma kuma sun yanka wa jikinsu da zuciyarsu nasu lokacin, babu mai taɓa musu shi.

Bari mu fara da aikin. A shekarar 1851 wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya shigo Kano, ya tarar tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan su ne babbar hajar birnin, ana kai su har Timbuktu da Tarabulus. To 'yar'uwa, wa ya yi zaren? Mata ne a cikin ɗaki. Su ne za su gurje auduga, su shiɓe ta, su ɗauki mazari su yi ta kaɗi, sannan masaƙi ya samu abin saƙawa. Ga man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da fura duk daga tsakar gida suke fita. Kin ga kenan waɗannan mata ba 'yan zaman banza ba ne.

Yaya aka yi ba su karye ba? Wata tsohuwa ta bar mana amsa. Sunanta Baba, mutuniyar Karo ta wajen Zarewa, an haife ta a 1877 ta rasu a 1951. Ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith a garin Giwa tsakanin 1949 da 1950 ta ba ta labarin rayuwarta, littafin ya fito a 1954. Duk wadda ta bi labarin Baba za ta ga yadda biki da ƙawance da jego suka cika rayuwar macen wancan zamani. Ƙawa a wurinsu alaƙa ce da ake ƙullawa da gaske, bikinki nata ne, kukanki nata ne. Mace ba ta haɗiye baƙin ciki ita kaɗai tun da tana da wadda za ta amayar wa.

Dubi kitso ma. Mace za ta zauna gaban makitsiya rabin yini, an kwantar mata da kai a cinya, hannunta ba ya taɓa muciya, ana hira ana dariya. Ranar ƙunshi kuwa an zura hannu a zunguru, an naɗe ƙafa da ganye da tsumma, ko tana so ko ba ta so dole ta zauna wuri ɗaya har lalle ya kama. Wallahi duk wanda ya ƙirƙiro lalle ya san mace ba ta zama sai an ɗaure ta. A gidan da ake da abokiyar zama, girki kwana bibbiyu ne, wadda ta fita girki ita ce za ta yi wanki, ta yi kitso, ta kama sana'arta.

Babba a cikinsu shi ne jego. Mai cikin fari gidan iyayenta ake mayar da ita goyon ciki. In ta sauka lafiya kwana arba'in ba ta daka, ba ta ɗiban ruwa, ba ta girki. Akwai tsohuwar da aka ajiye domin ita, ta yi mata wanka safe da yamma, ta dama mata kunu, a kawo mata ƙauri da yaji, a karɓi jaririn ta samu barci. Sai ta yi arba'in ta murmure sannan ta yi kwalliya ta fita yawon gaida dangi. Su tsofaffin nan sun gane cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Amma fa ba zan rufe ki ba, ba dukkan abin da suka yi ne za mu ɗauka ba. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata sama da 200 waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara. Suka danganta abin da tafasasshen ruwan wanka, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan kunun kanwa, domin kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilan, kamar hawan jinin masu ciki da rashin abinci mai gina jiki. Saboda haka mai jegon da ta ga kumburi ko haki, asibiti za ta nufa, kada a ƙara mata wuta a ce sanyi ne. Haka nan kwallin dutse yana ɗauke da dalma, bai kamata a zizara wa jariri ba.

Abin da yake ba ni takaici shi ne, mu matan yanzu mun yi zaɓen tumun dare. A gidaje da yawa an riƙe ruwan zafi da kanwa, an yar da hutun. Za ki ga yarinya ta haihu a gidan haya, ita kaɗai, washegarin suna tana tsugune tana wanke-wanke. Ba tsohuwa, ba ƙawa, maigida ya fita tun asuba. In ta fara kuka ba dalili, ko barci ya ƙaurace mata, ko ta ji ba ta son ɗaukar jaririn, sai a ce iskokai ne ko kuma iyayi. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa kusan mace 1 cikin 5 tana gamuwa da larurar damuwa ko makamanciyarta a lokacin ciki ko a shekarar farko bayan haihuwa. Ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yana da magani.

To me za mu yi? Mu dawo da abin da yake namu. Ki sa wa kanki ranar kitso da ƙunshi, kada ki jira sai an yi biki. Ki ci abincinki da zafinsa, ba ragowar yara ba. In rana ta take yara sun kwanta, ke ma ki miƙe bayanki ko na rabin awa ne, kwanuka ba za su gudu ba. Ki riƙe aminiya ɗaya mai rufin asiri. In maƙwabciyarki ta haihu ba ta da kowa, ki zame mata tsohuwar, ki karɓi girkinta ko na mako guda. Ku kuma iyayenmu da surukanmu, don Allah in yarinya ta ce ta gaji a daina yi mata gori da matan da, domin matan da an ba su arba'in ɗinsu cif.

Ni dai na lura, ranar da na yi barci sosai na gyara jikina, abin da nake rubutawa a yini ɗaya ya fi na kwana uku cikin gajiya, kuma ko yara ba na yi musu tsawa. Ke ma ki gwada a ɗinkinki ko a tuyarki ki gani.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya a ɗakunanmu, Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, amin.