Daga Kano zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru da Ta Koma ta Awanni

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kilomita kusan 3,400, kuma jirgin alhazai, in ya bi hanya kai tsaye, yakan cinye ta cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Maniyyaci ya yi asuba a sansanin alhazai, azahar ta riske shi a ƙasa mai tsarki. Amma abin da jirgi ya sauya ya wuce tsawon tafiya, domin ya sauya irin guzurin da hajji ke nema. A da mutum da shekarunsa da guminsa yake biya, yau kuwa da tsabar kuɗi, kuma a dunƙule.

Tsohuwar hanya ta bi ta Barno, ta ratsa Fort Lamy, wato Injamena ta yau, ta wuce Abeche da Aljunaina da Alfashir har Al'ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso a 1912, sannan a gangara Sawakin ko Port Sudan a tsallaka Bahar Maliya. Talaka kan fita da iyalinsa da jaki ɗaya, in damina ta faɗi ya yada zango ya yi ƙodago a gonar wani, in kaka ta yi ya ƙara gaba. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira da ke Sudan a 1925, tsinkar auduga ta zama babbar hanyar tara kuɗin jirgin ruwa. A shekarar ce kuma jiragen sama na sojan Ingila suka fara sauka a Kano, ko da yake sai a shekarun 1950 jigilar alhazai ta sama ta kankama. Tafiyar ƙasa kan ɗauki shekaru, wasu ma ba su ƙarasa ba, suka zauna, jikokinsu na nan a garuruwan Sudan irin su Mai Wurno, a bakin kogin Nilu.

Wani zai ce ai wannan kewar wahala ce kawai. Da gaskiyarsa ta wani ɓangare: hanyar ta ci rayuka da ƙishirwa da annoba da 'yan fashi, an raba 'ya'ya da iyayensu, kuma tsohuwar da a yau ake turawa a keken guragu har ƙofar jirgi da ba ta ko isa Dikwa ba. Jirgi ya kai mutane Makka fiye da yadda ƙafa ta taɓa kaiwa. Sai dai yawan masu zuwa bai nuna su wane ne ke zuwa ba. Manomin da ba shi da komai sai ƙarfinsa, a da niyya da haƙuri sun ishe shi ya kama hanya, yanzu kuwa sai fasfo da biza da kujera daga kason da Saudiyya ta ware wa ƙasarsa, da miliyoyin naira da za a zuba kafin wa'adi ya cika. Adashin gata da hukumar alhazai ta ɓullo da shi amincewa ne da wannan giɓi, tunda ya mayar da tarin shekaru daga gonar Jazira zuwa asusun banki.

Ita ma tazarar ba ta daina tasiri ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazan Najeriya suka koma yin zagaye, awanni suka ƙaru, kamfanonin jigila kuma suka nemi ƙarin kuɗi a kan kowace kujera.