Daga Marisuwa zuwa murar tsuntsaye: cutar da ke bin hanya

Tunda hunturu ya kama, tari da mura sun shiga gidajenmu, bari mu ɗan waiwayi baya.

A watan Satumba na 1918, murar da kakanninmu suka kira Marisuwa ta sauka Ikko cikin jirgin ruwa. Ta bi layin dogo har Kano, ta bazu a ƙasar Hausa tare da matafiya. A duniya kuwa ta kashe miliyoyin mutane.

A watan Fabrairu na 2006 abin ya zo ƙofar gidanmu. A Magaria aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar, cikin agwagi, makonni kaɗan bayan ɓullarta a jihar Kaduna. Aka karkashe kaji, mata da yawa suka rasa ɗan jarinsu. Ran 19 ga Maris 2020 kuma korona ta shigo ƙasar.

Duk ukun hanya suka biyo, irin wadda muke bi zuwa kasuwa ko ƙetare iyaka. To, hanya ba ta rufuwa, amma muna iya tare cutar a gida. Mai tari ya rufe baki da gwiwar hannu, a ware masa moɗarsa. Mu wanke hannu da sabulu in mun dawo kasuwa. A buɗe taga iska ta shiga, kaji su bar kwana ɗakin yara. Wanda numfashinsa ya yi nauyi, musamman jariri ko tsoho, a kai shi likita da wuri.

Allah ya ba mu lafiya.