Ƙaurar Bayanai: Abin da Ake Mantawa Idan Aka Sauya Saba

Ƙaurar bayanai ita ce ɗauke rumbun bayanai daga wata babbar kwamfuta, wadda ake kira saba, zuwa wata sabuwa. Hukumomi da bankuna kan yi haka idan na'ura ta tsufa ko bayanai suka yi mata yawa. Kwashe sunaye da lambobi ba shi ne aiki mai wuya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne umarnin da ke tace su, ya daidaita su, ya kai kowanne mazauninsa. Wannan umarni shi ake kira ƙunshin sarrafa bayanai.

Mene ne aikin ƙunshin?

Ayyukansa uku ne: ɗebo bayani daga tushe, gyara masa siffa, da zuba shi inda ya dace. A rajistar masu zaɓe, alal misali, irin wannan umarni ne ke haɗa sunan mai zaɓe a Gubuchi da lambar rumfarsa, rumfar da mazaɓar Gubuchi, mazaɓar da Ƙaramar Hukumar Makarfi, ita kuma da Jihar Kaduna, wadda lambarta a tsarin hukumar zaɓe ta INEC ita ce 18. Idan bayanai hatsi ne, ƙunshin shi ne mudu da rariya. Wanda ya kwashe hatsi zuwa sabon rumbu ya bar su a baya, hatsinsa na nan, amma ba shi da abin awo ko tankaɗe.

Me ya sa yake ɓacewa?

Domin sau da yawa ba a wuri ɗaya ake ajiye shi da bayanan ba. Kamfanin Microsoft ya fito da tsarin DTS a cikin manhajar SQL Server 7.0 a 1998, kuma akan adana ƙunshin nasa a wani rumbu na daban mai suna msdb. Injiniyan da ya kwafi rumbun ma'aikata kawai zai tarar da sunaye cif a sabuwar saba, ba tare da umarnin ba. A 2005 kamfanin ya maye gurbin DTS da SSIS, sannan ya daina tallafa wa tsohon tsarin daga SQL Server 2012. Ko an kwafi ƙunshin, yakan ci gaba da neman sunan tsohuwar saba da kalmar sirrinta, sai an bi an gyara.

Darasi daga rajistar zaɓe

A watan Yunin 2021, INEC ta ƙara yawan rumfunan zaɓe daga 119,974 zuwa 176,846, karo na farko tun 1996. Sake rarraba masu zaɓe aiki ne na umarni irin wannan. Haka ma tantancewar da ta soke rajista 2,780,756 daga cikin sababbi 12,298,944 a 2022, kafin a tsayar da jimillar masu zaɓe a 93,469,008.

Zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 ya nuna nauyin ƙa'ida guda. A rahotonta, INEC ta ce shafin IReV ya gaza karɓar sakamakon zaɓen shugaban ƙasa da wuri ne saboda an tsara shi ya jera kowane sakamako ƙarƙashin wata jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na jiha ɗaya ba ne. Wannan ba ƙaura ba ce, amma cutar iri ɗaya ce: takardun sakamako na nan, umarnin da zai ba su mazauni ne ya gaza. 'Yan adawa ba su gamsu da bayanin ba, kuma maganar ta kai har Kotun Ƙoli.

A Birtaniya, bankin TSB ya sauya tsarinsa a watan Afrilun 2018. Bayanan sun isa, amma sabon tsarin ya rikice, abokan hulɗa da dama suka kasa shiga asusunsu. A Disamban 2022 aka ci tarar bankin fam miliyan 48.65.

Yadda ake kiyaye shi

Kafin ƙaura, ana lissafa kowane ƙunshi da lokacin da yake aiki, a fitar da shi a matsayin fayil, a adana kwafinsa a wani wuri daban. Sai a gwada shi a sabuwar saba, a bar tsohuwa da sabuwa su yi aiki tare na wani lokaci, a gwama alƙalumansu. Ba a kashe tsohuwar sai lissafi ya zo daidai.

Abin da ya rage wa ɗan ƙasa

Mai zaɓe a Ikara ko Kudan ba zai ga cikin saba ba, amma zai iya ganin sakamakon aikinta. Lokacin baje rajista domin ƙorafi da gyara, kamar wanda aka yi daga 12 zuwa 25 ga Nuwamban 2022, shi ne damar duba suna da rumfa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba hukumomin tarayya kwana bakwai su amsa buƙata. Duk lokacin da wata hukuma ta sanar da sauya tsari, tambayoyi uku sun isa: wa ya rubuta umarnin tacewa, ina kwafinsa yake, kuma sunaye nawa aka ƙirga kafin ƙaura da bayanta?