Daga Maƙera Zuwa Tasha: Tarihin Ma'anar "Zafi" Tsakanin Ingilishi da Hausa

1.0 Gabatarwa

Kalma takan daɗe a bakin jama'a siffarta ba ta sauya ba, alhali ma'anarta ta yi ƙaura. Wannan maƙala za ta bi diddigin irin wannan ƙaura a kalmar "zafi", wadda a da ta fi danganta da wahala, amma yau ake yabon waƙa ko haja da ita. An ɗauki yankin Suleja da Lambata a Jihar Neja a matsayin madubi, domin wuri ne da Hausa da Ingilishi suka daɗe suna gogayya.

2.0 Asalin Kalmomin a Ingilishi

Ingilishi ya gina ma'anoni huɗu a kan kalmar "hot": tsananin zafi, ƙunar so, farin jini da sabunta. Tushen wasunsu maƙera ne. Ƙarfe yakan yi ja idan zafinsa ya kai wajen digiri 700 zuwa 900 a ma'aunin Salsiyas, ya koma fari idan ya haura 1,300. Daga nan aka sami "red-hot" da "white-hot", waɗanda daga baya aka aro wa fushi da bege. Haka kuma "brand-new", wato sabo fil, ta samo asali daga "brand" mai nufin bakin wuta, ma'ana abin da yanzu ya fito daga wuta. Shakespeare ya yi amfani da takwararta, "fire-new". Ma'anar farin jini kuwa a Amurka ta bunƙasa: a shekarun 1920 ana kiran wani salon kiɗan jaz da "hot", sannan a 1958 mujallar Billboard ta fara jera waƙoƙi ɗari mafiya kasuwa da sunan Hot 100.

3.0 Tsarin Hausa na Gargajiya

Bahaushe, wanda ya san bazara, bai ɗauki zafi abin marmari ba. Ga misalai:

(1) zafin rai, zafin kai, zafin talauci, zafin rabuwa
(2) sanyin idona, sanyin hali, zuciyarsa ta yi sanyi
(3) sabo fil, sabo dal, labari da ɗumi-ɗuminsa
(4) atamfar da ake yayi, mawaƙin da yake tashe

Misalan (1) sun nuna cewa zafi abokin fushi ne da raɗaɗi. Ko "zafin nama", da ake yabon mutum da shi, hanzari yake nufi, ba farin jini ba. Misalan (2) sun nuna cewa ƙauna da natsuwa a gefen sanyi suke. Sabunta tana da amsa-kama nata, idan kuma an nemi wuta sai a tsaya a "ɗumi", wanda jiki ke so. Shahara kuwa "yayi" da "tashe" ne suke ɗauke da ita. Ke nan aikin da Ingilishi ya ɗora wa kalma ɗaya, Hausa ta rarraba shi ga kalmomi da dama.

4.0 Haɗuwar Harsunan a Ƙasar Abuja ta Da

Hausa ta kafu a wannan yanki tare da sarautar Zazzau ta Haɓe, bayan jihadi ya fitar da Sarki Muhammadu Makau daga Zariya a farkon ƙarni na 19. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, a tsakiyar Gwari da Koro. Turawan Ingila sun mamaye ƙasar a 1902, makaranta da ofis suka shigo da Ingilishi. A farkon shekarun 1950 Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. A can ana gasa yumɓu da zafin da ya haura digiri 1,200, abin da ya zarce gashin tukwane na gargajiya nesa ba kusa ba. Duk da haka Hausa ba ta rasa abin faɗa ba: "wuta ta yi jawur", "tanderu ya ɗau zafi". A fagen zafi na zahiri babu giɓin da aro zai cike.

Babban sauyi ya zo a 1976, lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Neja, aka kuma keɓe Babban Birnin Tarayya. Tsohon garin ya bar wa sabon birni sunansa, ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Da gwamnati ta tare a Abuja a Disamba 1991, zirga-zirga ta ƙaru a hanyar Suleja zuwa Minna. Lambata, a Ƙaramar Hukumar Gurara, ita ce mararrabar da hanyar Lapai da Agaie da Bida ta balle. A irin wannan mahaɗa Bagwari da Banufe da Bahaushe da baƙo daga Kudu suna ciniki da Hausa da Ingilishin kasuwa a lokaci guda. Wanda ya saba jin ana kiran haja mai saurin ƙarewa "hot cake" ba zai sha wuyar cewa "zazzafa ce" ba. Hausa ma ta riga ta share hanya, domin mai ƙosai da mai tsire sun daɗe suna tallar kayansu "da zafinsa".

5.0 Sabuwar Ma'ana

Tasha ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Jarida tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da rediyo tun daga Sashen Hausa na BBC a 1957, sun mai da fassara daga Ingilishi aikin yau da kullum. Finafinan Kano daga 1990 da tallar kaset suka ƙara yaɗa salon. Sakamakon shi ne irin waɗannan:

(5) zafafan labarai, zafafan waƙoƙi, zazzafar soyayya, sabon fim mai zafi

Abin lura shi ne, kalmar Ingilishi ba ta zauna a Hausa kamar "mota" ko "tebur" ba. Ma'anarta ce ta shiga rigar "zafi", ta bi ƙa'idar siffa: zazzafa, zazzafa ta mace da zafafa a jam'i. Wannan shi ne aron ma'ana, wanda ya fi aron kalma wuyar ganewa. Illarsa kuma ita ce harshen damo: "zazzafar muhawara" tana kan tsohuwar ma'ana ta rikici, "zazzafar waƙa" tana kan sabuwa ta yabo. Dattijo na iya jin "zazzafar soyayya" a matsayin so mai azabtarwa, saurayi ya ji ta a matsayin so mai armashi.

6.0 Kammalawa

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun riga wannan yayi, saboda haka nauyin rubuta shi yana kan masu ƙamus na yanzu. Wajibi ne su ware sabuwar ma'ana daga tsohuwa, su kuma nuna mafarinta. Mai fassara shi ma ya tuna cewa ba duk "hot" ce "zafi" ba: wata "yayi" ce, wata "ɗumi", wata kuma, a fagen ƙauna, "sanyi" ce fassararta.