Rihlar Hunturu ta Albert Ballin da Mai Ɗakinsa

Ran Alhamis, 22 ga watan Janairu na shekarar 1891, a lokacin da sanyin arewacin Jamus ya kai matuƙa, har numfashin mutum kan fita daga bakinsa tamkar hayaƙi, wani jirgin ruwa mai bututu uku, wanda ake kira Augusta Victoria, ya tashi daga Cuxhaven, a bakin kogin Elbe, ɗauke da fasinja 241 waɗanda ba fatauci ya fito da su ba, ba neman ilmi ba, ba kuma ƙaura ba. Muradinsu guda ne, su bar ƙanƙara a baya, su je inda rana take, su ga garuruwan Bahar Rum, sa'an nan jirgin ya komo da su inda ya ɗauke su. A cikin wannan jama'a akwai wani magidanci ɗan shekara talatin da uku, Albert Ballin, tare da mai ɗakinsa Marianne, kuma shi ne ya ƙulla tafiyar tun daga tushenta.

Wanda yake son ya fahimci dalilin wannan rihla, lalle ne ya fara duba littafin akawu. Kamfanin HAPAG mai wannan jirgi, wanda aka kafa a Hamburg a 1847, abincinsa yana kan hanyar Amurka ne, inda yakan kwashi talakawan Turai masu ƙaura zuwa Niyok, ga kuma attajirai a ɗakunan sama. Amma da zarar hunturu ya shigo, sai Tekun Atalantika ta arewa ta hargitse, igiyar ruwa ta yi ta dukan jirgi dare da rana, fasinja su ɗauke ƙafa, manyan jiragen nan masu sauri, waɗanda aka kashe dukiya mai yawa wajen ƙera su, su zauna a tasha suna cin kuɗi ba su kawo ko anini. Ballin ya san wannan hasara ciki da bai. Shi ɗan Hamburg ne, Bayahude, an haife shi a 1857, ya gaji ƙaramin ofishin mahaifinsa na shirya wa masu ƙaura tafiya tun bai cika shekara ashirin ba, ya yi ta gasa da HAPAG har suka ga gara su jawo shi jiki, suka ba shi shugabancin sashen fasinja a 1886. Shawarar da ya kawo ita ce, tun da arewa ta rufe, a juya akalar jirgin zuwa kudu, a mai da tafiyar kanta abin sayarwa.

Abokan aikinsa ba su ga hikimar abin ba, kuma ni ban ga laifinsu ƙwarai ba, domin a wancan zamani teku wurin wahala ce da amai da fargaba, mutum ba ya hawanta sai da lalura. Gaskiya ne an taɓa yin makamancin haka a da. A 1867 jirgin Quaker City ya ɗauki Amurkawa zuwa Turai da Falasɗinu, cikinsu har da marubuci Mark Twain. Amma a ɗauki sabon jirgi, abin alfaharin kamfani, wanda bai cika shekara biyu da fara aiki ba, a ce za a yi wata biyu ana kewaya da shi don nishaɗi kawai, wannan a wurinsu wauta ce. Ni kuwa, duk sa'ad da na karanta labarin, sai Suratu Ƙuraish ta faɗo mini a rai, inda aka ambaci tafiyar hunturu da ta bazara, malaman tafsiri kuma suka bayyana cewa ayarin Makka kan nufi Yaman da sanyi saboda ɗuminta, ya nufi Sham da zafi. Bin rana gwargwadon lokacin shekara tsohon ilmi ne a wurin fatake. Abin da Ballin ya ƙara a kai shi ne ayarin da ba ya ɗauke da haja, wanda ribarsa duka tana aljihun matafiyan da kansu.

Da ya ga ana shakka, sai ya sa kansa da iyalinsa a cikin jirgin. Wannan a ganina shi ne mafi kyawun abu a labarin duka, gama mutumin da ya ɗauki matarsa ya hau teku da ita a tsakiyar Janairu ya riga ya ba da shaidar da ta fi kowace talla ƙarfi. Marianne Rauert Kirista ce, 'yar wani mai sayar da yadi a Hamburg, sun yi aure a 1883, kowannensu ya zauna a kan addininsa. Mafi yawan fasinjojin maza ne, kuɗin kujera kuwa ya zarce abin da lebura ke samu a shekara guda, saboda haka taron na masu hannu da shuni ne. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu, wanda jirgin ke ɗauke da sunan matarsa, ya zo da kansa ya duba shi kafin ya tashi.

Suka biya ta Southampton, suka ratsa mashigin Jabal Ɗariƙ, suka tsaya a Genoa, daga nan suka miƙe zuwa Iskandariyya, inda jama'a suka sauka suka hau jirgin ƙasa zuwa Alƙahira don ganin dalolin Fir'auna. Mutum ya kwatanta a ransa matar da mako uku da suka wuce take lulluɓe da rigar gashi tana rawar ɗari a bakin Elbe, yau ga ta a gindin dabino tana neman inuwa. Daga Masar sai Yafa, ƙofar Ƙudus, wadda a wancan lokaci ba ta da tashar da babban jirgi zai iya raɓa, sai dai ya tsaya can nesa, Larabawa masu kwale-kwale su zo su kwashi fasinja, su bi da su ta tsakanin duwatsun da ruwa ke duka, wanda ya ga dama ya yi salati, wanda ya ga dama ya runtse ido. Hanyar dogo ta Yafa zuwa Ƙudus ba a buɗe ta ba sai a 1892, don haka masu ziyara a keken doki da bayan dabba suka hau tudun. Bayan haka suka ga Bairut, suka ga Santambul a zamanin Sultan Abdulhamid na Biyu, suka biya ta Atina da Malta da Sikiliya da Napoli da Lisbon. A cikin jirgi kuwa ana ta kiɗa da walima, har jarida ake bugawa ana raba wa fasinja. Kwana 57 suka yi kafin su koma gida.

Akwai mai zane a cikinsu, Christian Wilhelm Allers, wanda ya tattara zane-zanen tafiyar a littafi, ya sa masa suna da kalmar bakshish, wato ɗan abin hasafin da ake miƙa wa mai hidima. Sunan nan yana sa ni tunani, domin yana nuna ta wace taga baƙin suka leƙa ƙasashen Musulmi: sun wuce ta kusa da Azhar da Masallacin Ƙudus, amma kalmar da ta fi zama a kunnensu ita ce ta hannun da aka miƙo. Haka nan ba na son a manta da mutanen da ke can ƙarƙashin jirgin, masu zuba kwal a wuta da shebur, tsirara daga ƙugu zuwa sama, cikin zafin da yakan sumar da ƙato, waɗanda guminsu ne ya kai masu walima Iskandariyya ya komo da su.

Tafiyar ta yi riba, aka maimaita ta, aka ƙara da wasu zuwa tsibiran Karibiyan. Da Ballin ya zama babban darekta a 1899, sai ya sa aka ƙera jirgin da ba shi da wani aiki sai wannan, Prinzessin Victoria Luise, farin jirgi siriri mai ɗakuna 120, dukansu na daraja ta ɗaya, da ɗakin karatu, da wurin motsa jiki, har da ɗakin wanke hoto. An saka shi a ruwa a Yunin 1900, kuma shi masana ke ƙirgawa jirgi na farko da aka gina musamman don yawon shaƙatawa. Kwanansa bai yi tsawo ba. Daren 16 ga Disamba 1906, a gaɓar Jamaika kusa da Kingston, kyaftin ɗinsa ya rikita fitilun bakin teku, jirgin ya hau duwatsu. An fitar da fasinja duka lafiya, amma kyaftin ya shiga ɗakinsa ya harbe kansa.

Shi ma Ballin ƙarshensa mai ban tausayi ne. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya sasanta Jamus da Ingila kafin 1914, domin ya san yaƙi shi ne ajalin tijarar teku, amma ba a saurare shi ba, yana ji yana gani kamfanin da ya ɗaukaka har ya fi kowane kamfanin jiragen ruwa girma a duniya ya tsaya cik. Ya sha maganin barci fiye da kima, ya rasu ran 9 ga Nuwamba 1918, ranar da aka yi shelar saukar Sarki Wilhelm daga gadon mulki. Yarjejeniyar Versailles ta ƙwace manyan jiragen kamfanin a shekarar da ta biyo.

Dabararsa dai ta rayu. Da jirgin sama ya ƙwace fasinjan Atalantika daga ƙarshen shekarun 1950, masu jiragen ruwa sun sake samun kansu a cikin matsalar da ya warware, sai suka bi sawunsa zuwa kudu. A Disambar 1966 Knut Kloster da Ted Arison suka fara jigila daga Miyami zuwa Bahamas da jirgin Sunward, Arison kuma ya kafa Carnival a 1972. Yau miji da mata daga Kanada ko Ingila, waɗanda suka yi shekara suna tara kuɗi, sukan kulle gida a Janairu su hau jirgi irin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, mai iya ɗaukar fasinja 7,600, kuma da yawa daga jiragen nan da bazara suna Alaska ko Bahar Rum, da sanyi su gangaro Karibiyan. HAPAG kuwa ya haɗe da abokin gasarsa na Bremen a 1970 ya zama Hapag-Lloyd, hedkwatarsa tana kan titin Ballindamm a Hamburg, kuma nasa ne kwantenonin nan masu ruwan lemo da ake gani a bayan tirela suna fitowa daga Apapa.