Daga Allo Zuwa Aji Ɗaya: Tarihin Shirya Yaro Don Karatu a Ƙasar Dutse

Tun kafin zuwan boko, al'ummarmu tana da hanyarta ta shirya yaro. Bayan yaye, kaka ce ke buɗe masa harshe da tatsuniya da kacici-kacici. Idan ya kai shekara huɗu ko biyar sai a riƙa hannunsa zuwa makarantar allo, ya fara haddar gajerun surori, ya shiga babbaƙu, sannan farfaru. A nan yake koyon zama wuri ɗaya, da sauraro, da ladabi ga malami.

Da aka ƙaddamar da shirin UPE a 1976, muna cikin tsohuwar Jihar Kano, yawancin yaranmu ba su da takardar haihuwa. Ma'aunin shiga aji ɗaya shi ne yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunne. Wanda hannunsa bai kai ba sai ya jira baɗi. Ba a tambayi dalilin da ya sa wani ɗan shekara bakwai ya kasa ba.

Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, dokar UBE ta 2004 ta shigar da renon ƙananan yara cikin ilimi na bai-ɗaya, aka fara buɗe azuzuwan share fage a makarantun firamare na gwamnati.

Amsar waccan tambaya kuwa a ƙasarmu aka samo wani ɓangarenta. Daga 2013 zuwa 2019, shirin CDGP, da tallafin Birtaniya, ya yi aiki a ƙananan hukumomin Buji, Gagarawa da Kiri Kasamma, da wasu biyu a Zamfara. An riƙa bai wa masu juna biyu Naira 3,500 duk wata har yaro ya cika shekara biyu, tare da wayar da kan iyaye kan shayarwa da abinci mai gina jiki. Masu bincike sun bi gidaje suna auna yara, suka kwatanta ƙauyukan da suka samu tallafin da waɗanda ba su samu ba, suka tarar tsumburewa ta ragu. Ashe gajeren hannun nan sau da yawa yunwa ce ta gajarta shi, kuma yunwar da ta hana jiki girma ba ta ƙyale ƙwaƙwalwa.

Saboda haka, ya 'yan uwa mazauna Kano, Kaduna, Abuja da Legas, gudummawarmu ta saba tafiya ga kuɗin jarrabawa da tallafin ɗaliban jami'a. Wannan abin yabo ne. Amma yaron da zai shiga Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tun yana goye ake fara shirya shi. Ya kamata kowane reshe ya ɗauki mazaɓa ɗaya, ya ƙidaya yaranta 'yan shekara uku zuwa biyar: nawa ke da takardar haihuwa, nawa suka kammala rigakafi, nawa ke ajin share fage, kuma malamai nawa ke kula da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya albarkaci ƙasar Dutse, amin.